Tsakanin Basir da Tsiron Hanji: Aikin Harshe a Ɗakin Likita

Cikin sunayen cututtukan da Bahaushe ya aro daga Larabci, da wuya a sami wanda ya kai basir faɗin gida. A bakin likita, basir kumburin jijiyoyin jini ne a ƙofar dubura, iyakarsa ke nan. A bakin mutanen kasuwa da ƙauye kuwa, rumfa ce da ake tara kusan duk abin da ya dami mutum daga cibiya zuwa ƙasa: jini a bayan gida, taurin bahaya, kumburin ciki, ciwon ƙugu, kasala, har da raunin da namiji ba ya son ambata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Boɗinga ko bakin kasuwar Shagari ya saurari masu tallar magani da lasifika, ya ji yadda suke rarraba shi: mai jini, mai tsiro, mai ƙaiƙayi, mai sa kumburi. Kowanne da jiƙonsa ko garinsa. Ba a kuma rasa masu saye, domin an riga an yarda cewa babu ɗan Adam da ba shi da basir, sai dai na wani ya fi na wani tashi.

Damuwa da wannan ciwo ba ta yau ba ce a yankin. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga ta yanzu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa da wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kanta. Muhammadu Bello, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya bar rubuce-rubuce da dama kan magani, ciki har da risalar da ya keɓe ga basir da magungunansa. Saboda haka ba daidai ba ne a ce mutanen wannan ƙasa ba su kula da ciwon dubura ba, ko ba su yi masa nazari ba. Abin da ya iyakance su shi ne abin da ya iyakance kowa a duniyar wancan zamani: sanin ciwo ya tsaya ga inda ido da hannu suke kaiwa. Babban hanji kuwa tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, a naɗe cikin duhun ciki, kuma jinin da ya taso daga can ta ƙofa ɗaya yake fita da jinin basir.

Tsiron da ba ya ciwo

A bangon babban hanji ta ciki akan sami wani ɗan nama da ke tsirowa, wanda likitoci ke kira folif. Wani yana da wuya da kai kamar naman kaza, wani a shimfiɗe yake kamar an manna ɗan ƙullu a bango. Wani bai fi ƙwayar gero ba, wani ya kai goro. Yawancinsu ba sa zama komai. Sai dai akwai nau'in da ake kira adinoma, kuma daga gare shi mafi yawan sankarar hanji take farawa, a hankali, cikin shekara goma ko fiye. A duk tsawon wannan lokaci mai shi yana noma, yana cin tuwonsa, ba ya jin ciwo. In ma an yi sa'a tsiron ya ba da alama, to ɗan jini ne jefi-jefi, wanda sunansa ya riga ya zauna a bakin kowa.

Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2020 ta nuna mutum sama da miliyan 1.9 ne suka kamu da sankarar hanji a shekarar, fiye da 900,000 kuma suka mutu. Ita ce ta uku a yawan kamu, ta biyu a yawan kisa. Abin da likitocin Nijeriya suka daɗe suna faɗa a rahotanninsu shi ne, masu ciwon a nan sun fi na Turai ƙuruciya, kuma mafi yawansu ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya yi nisa, wani lokaci sai hanjin ya toshe.

Amma wannan sankara tana cikin 'yan kaɗan da ake iya tarewa tun kafin ta zama sankara. A 1969, a wani asibitin birnin New York, likitoci biyu, Hiromi Shinya da William Wolff, suka fara amfani da doguwar na'ura mai lanƙwasa suna leƙa hanji tun daga ƙofa har makura, sannan suka ƙera zarge na siririyar waya da ake shaƙe wuyan tsiro da shi a cire ba tare da an tsaga ciki ba. Wannan aiki shi ne kolonoskofi, wanda za a iya kira leƙen hanji. Na'urar ba ta fi kaurin yatsa ba, a bakinta akwai fitila da kyamara da kafar fesa ruwa da iska, likita kuma yana kallon komai a allo. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2012, ya nuna cewa mutanen da aka cire wa adinoma sun sami raguwar mutuwa daga sankarar hanji da kashi 53 cikin 100. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai leƙawa daban, gani daban. Lokacin da masu bincike suka riƙa leƙa hanjin mutum ɗaya sau biyu a jere a rana ɗaya, sun tarar cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na adinoma yana kuɓuce wa leƙen farko. Dalilan sanannu ne: ko hanjin bai wanku ba, ko likita ya yi gaggawa, ko tsiron ya laɓe a bayan ninkin hanji. Biyu na ƙarshe a hannun likita suke. Na farko kuwa a gidan majiyyaci ake yin sa, kwana ɗaya ko biyu kafin ya ga na'urar, kuma da harshe ake yin sa.

Hura abin sha ta

Wani dattijo manomi, a wani ƙauye da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, ya shekara biyu yana ganin jini lokaci-lokaci. Da damina gero yake nomawa, da rani albasa. Ya sha jiƙe-jiƙe iri-iri, wani ya tsayar da jinin wata biyu, wani bai yi komai ba. Bai gaya wa kowa ba sai ɗan ƙanensa, malamin firamare, wanda shi ne mai karanta wa gidan duk wata takarda. Da malamin ya matsa, suka tafi wani asibiti mai zaman kansa a birni. Likita ya duba, ya ce lalle akwai basir, amma mutumin da ya haura hamsin yana zubar da jini ba a tsayawa ga basir sai an leƙa sama. Aka sa rana, aka ba su garin magani da takarda guda da aka buga da Turanci.

A gida malamin ya zauna ya karanta takardar sau biyu. Turancinsa ba shi da laifi. Ya ce, "Baffa, sun ce jibi za a yi aikin. Gobe ba ka cin abinci, sai abin sha."

Dattijo ya ce, "To, hura hwa?"

Ya ce, "Ai hura abin sha ta, Baffa."

A ma'aunin Hausa malamin bai yi kuskure ba. Bahaushe ya raba abin da ke shiga baki gida biyu ta hanyar aikatau: abin da ake ci da abin da ake sha. Fura shan ta ake yi, haka kunu da koko da nono da fate-fate. Kalmar da ke cikin takardar kuwa tana nufin ruwan da ido ke ratsawa, garai-garai, wanda ba ya barin tsaki ko dusa a hanji. Wannan rabo babu shi a tsarin abincin Bahaushe, don haka babu kalma ɗaya da ke jiran mai fassara. Dattijo ya yini a kan fura da kunun tsamiya, ya tauna goronsa kamar kullum, tunda goro ba abinci ba ne. Da dare aka dama garin maganin a ruwa mai yawa. Ya sha kamar rabi, ya zaga sau huɗu, ya ji cikinsa ya yi sakayau. A saninsa na wankin ciki, irin wanda ake yi da filasko, nan ne ake tsayawa. Ya bar sauran.

Da safe aka kwantar da shi, aka shigar da na'ura. Ba a yi nisa ba likita ya tsaya, domin abin da ke allo ruwa ne mai kauri da tsakin gero manne a bango. Bayan dattijo ya wartsake, likita ya tambaye shi, "Baba, me kuka ci jiya?"

Ya ce, "Likita, wallahi ban ci komi ba. Hura da kunu kaɗai nis sha."

Gaskiya ya faɗa. Amma kuɗin aiki sun tafi, kuɗin mota sun tafi, kuma an ce a sake dawowa. Sai da aka cire albasa aka kai kasuwa sannan aka sami halin komawa, wata uku bayan nan. Mutane da yawa a irin wannan gaɓa ba sa komawa. Sukan ce an leƙa ba a ga komai ba, alhali ba a sami ganin ba ne, su ci gaba da jiƙo da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

A zuwa na biyu wata ma'aikaciyar jinya, Basakkwata, ta zaunar da su ta ajiye takardar gefe. Ta ce, "Baba, duk abin da kunka zuba ga kofin gilashi ba ku hangi gindin kofin ba, ku bar shi." Ta lissafa da suna: ba fura, ba kunu, ba koko, ba nono, ba goro, zoɓo ma a bar shi, don jansa yana kama da jini a allo. Ruwa, shayi ba madara, da romon da aka tace, su kaɗai. Kwana biyu kafin nan kuma a ajiye wake da zogale da rama da kuɓewa da gyaɗa da riɗi. Maganin ta auna masa da ledar fiya-wata, wadda kowa ya san girmanta: lita huɗu leda takwas ke nan, huɗu bayan magariba, huɗu kafin asuba. Ta ce su kwana a birni wurin dangi, domin wanda ya sha rabin na biyu ba ya shiga motar haya. Sannan ta kawo abin da takardar ba ta yi tunaninsa ba: a masai ba a ganin launin abin da ya fita, don haka a zagayen ƙarshe ya yi amfani da roba ya duba. In ya ga ruwa tsararo mai launin fitsari, hanji ya wanku. In da sauran kauri, ya faɗa kafin a fara.

A wannan karo likita ya kai makura. Ya sami tsiro biyu. Ɗaya mai wuya ne, ya ɗara ƙwayar wake, a ɓangaren hagu. Ɗayan shimfiɗaɗɗe ne a ɓangaren dama, a bayan ninki, irin wanda ɗan tsakin gero kaɗan ya isa ya rufe. Aka cire su a take, aka aika ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna adinoma ne, bai rikiɗe ba tukuna, aka ce ya dawo bayan shekara uku. Basir ɗin ma yana nan, kuma mai yiwuwa shi ne ke zubar da jinin tun farko. Dattijo bai yi kuskure ba da ya ce yana da basir. Sunan ne ya yi masa faɗi har ya rufe abin da ke bayansa.

Idon likita da agogonsa

Idan hanji ya wanku, saura aikin mai leƙe. Yadda ake yi shi ne a tura na'urar har inda babban hanji ya haɗu da ƙarami, a ƙasan ciki ta dama, sannan a riƙa janyowa a hankali ana dubawa. Bangon hanji ba sumul yake ba. Ninki-ninki ne a jere kamar kunyoyin gona, kuma kamar yadda mai kalar gyaɗa ba ya samun komai in ya bi gona da sauri yana kallon saman kunya, haka mai leƙe ba ya ganin abin da ke kwance a kwarin ninki sai ya tsaya, ya karkata bakin na'ura, ya wanke, ya tsotse, ya hura iska bangon ya buɗe.

An auna wannan da agogo. A 2006 aka buga wani bincike kan likitoci 12 a jihar Illinois ta Amurka. Waɗanda suke ɗaukar minti shida ko fiye wajen janyo na'ura sun sami tsiro a kashi 28.3 cikin 100 na mutanen da suka duba, masu yin ƙasa da haka kuwa kashi 11.8 kacal. Na'ura iri ɗaya, gari ɗaya, bambancin 'yan mintoci ne. Sauri ya haifi nawa. Daga irin wannan bincike aka tsayar da ma'aunin da ake gwada kowane mai leƙe da shi a yau: cikin mutum 100 da ya duba, nawa ya samar wa adinoma? A 2014 wani nazari a California ya bi leƙe 314,872 na likitoci 136, ya tarar wani likitan adadinsa kashi 7.4 ne, wani kuma 52.5. Duk ƙarin kashi ɗaya a adadin likita yana tafiya da raguwar kashi uku na haɗarin sankara ta ɓullo wa wanda aka riga aka duba aka sallama. Ƙungiyoyin likitocin hanji na Amurka sun sa mafi ƙarancin adadin a kashi 25 a 2015, suka ɗaga shi zuwa 35 a 2024, suka kuma mayar da mintocin janyowa takwas.

Sauran dabarun ba su da tsada. Akwai sake duba ɓangaren dama sau biyu, domin can ne shimfiɗaɗɗen tsiro ya fi ɓuya. Akwai juya majiyyaci daga gefe zuwa gefe don ruwa ya gangara, hanji ya buɗe. Akwai sa ma'aikaciyar jinya ta zuba wa allo ido tare da likita. Akwai ɗan murfin roba da ake sa wa bakin na'ura yana danne ninki. Akwai kuma fesa wani shuɗin ruwa, ɗan'uwan shunin da ake rini da shi a marina, wanda ke kwanciya a kwari ya fito da gefen tsiron da ya saje da bango.

Na baya-bayan nan shi ne ƙirƙirarriyar basira: kwamfutar da aka horar da dubban hotuna, tana kallon allo tare da likita, tana zana ɗan akwati a duk inda ta zargi tsiro. A wani gwaji da aka yi a Italiya, wanda aka buga a 2020, adadin ya tashi daga kashi 40.4 zuwa 54.8, kuma a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar GI Genius. Amma a 2025 wani rahoto daga Poland ya nuna cewa likitocin da suka saba da taimakon kwamfuta, da suka koma aiki ba tare da ita ba, adadinsu ya sauka daga 28.4 zuwa 22.4. Ban da haka, kwamfuta ba ta ganin abin da kyamara ba ta haska ba. Tsiron da ke ƙarƙashin tsakin gero a ɓoye yake gare ta kamar yadda yake ga likita.

Wannan ya fi muhimmanci a inda na'urori da masu sarrafa su ba su da yawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo shi ne babban asibitin da mutanen Sakkwato da Kabi da Zamfara, har da maƙwabta daga Nijar, suke dogaro da shi. A kudu maso yammacin Nijeriya, ayarin Farfesa Olusegun Alatise na Ile-Ife ya gwada hanyar tace mutane da gwajin bahaya mai gano ɓoyayyen jini, a kan mutum sama da 2,000. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar gwajinsu ya nuna jini, wato dukkansu suna bukatar leƙe. Duk ranar da aka fara irin wannan shiri a ƙasar Sakkwato, layin zai yi tsawo, kuma kowane leƙen da aka ɓata saboda hanji bai wanku ba gurbin wani ne aka cinye.

Kalmomin da ake bukata

Akwai hujja a aune cewa magana kaɗai tana ƙara gani. A birnin Shi'an na ƙasar Sin, wani asibiti ya raba majiyyata gida biyu. Duka an ba su takarda da bayani, amma rukuni ɗaya an sake kiran su a waya ana gobe aiki, aka maimaita musu abin da za su ci da yadda za su sha magani. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna masu wankakken hanji sun tashi daga kashi 70.3 zuwa 81.6, waɗanda aka samar wa tsiro kuma daga 24.7 zuwa 38. Ba a sayi sabuwar na'ura ba. Kuma wannan a inda likita da majiyyaci suke magana da harshen da aka rubuta takardar da shi ne. Ina ga inda takarda take da Turanci, mai karatu yake fassarawa a tsaye, mai sauraro kuma yake auna komai da ma'aunin filasko?

A nan aikin ya shigo gonar manazarta Hausa, kuma ba aikin buɗe ƙamus a ɗauko kalma ba ne. A ɗauki sunan abin da ake nema. In likita ya ce an ga tsiro, majiyyaci basir mai tsiro yake ji, wanda ya san mai maganinsa a kasuwa. In ya ce ƙari, tunanin tsaga ciki ne ke zuwa. In kuwa ya ambaci daji, to ya taɓo tsohon imanin da ke cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, wanda ya hana mutane da yawa yarda a taɓa su har lokaci ya ƙure. Kowace kalma cikin ukun tana da kayan da ta ɗauko. Wataƙila tsiron hanji, a haɗe kullum ba a yanke ba, shi ya fi kusa, tare da jimla ɗaya da ke biye da shi: ba basir ba ne, ba daji ba ne, amma in an bar shi yana iya zama daji. Ko wannan ya isar ko bai isar ba, ba a teburin ofis za a yanke ba, sai an gwada shi a kunnen mutanen Boɗinga da Shagari an ji abin da suka fahimta.

Haka wankin ciki. Kalma ce da ta riga ta zauna, tana da sauƙin karɓa, amma ma'auninta jin sakayau ne, alhali ma'aunin likita launin ruwa ne. Kiran na asibiti wankin hanji zai iya raba su, ya kuma toshe ƙofar mai cewa zai sha nasa na gida ya huta da ruwan gishirin asibiti.

Mafi wuya shi ne sunan duba mai lafiya. Leƙen hanji ya fi amfani ga wanda bai ga jini ba tukuna. A Amurka an sauko da shekarun farawa daga 50 zuwa 45 a 2021. Amma Bahaushe ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa yana lafiya, kuma rigakafi a kunnensa allura ce ko ɗigo. Duk da haka harshen yana da misali ɗaya da ya karɓu: awon ciki. Mace mai juna biyu ba ta da ciwo, amma tana zuwa awo, kuma ba wanda ke tambayar me ke damun ta. Idan aka ce magidanci ya tafi awon hanji, an ɗora sabon abu a kan turbar da mata suka riga suka share.

Sai kunya, wadda ba a raba ta da wannan aiki. Dattijon da ba ya ambaton sunan ɗansa na fari ba zai buɗe baki ya kwatanta bahayarsa ga yarinyar da ta yi jika da shi ba, sai an ba shi kalmomin da zai fake a bayansu. Hausa tana da su birjik: bayan gida, zagayawa, kewaye, fita, bahaya. Sanin wacce ta dace da bakin wa, a gaban wa, a wane yanki, ilimi ne da ke sassan Hausa. Haka tambayoyin da majiyyaci ke riƙewa a ciki: yaya salla a daren da ake zagayawa sau goma, wa zai kasance a ɗakin, me za a rufe, ko mace za ta iya neman mace ta tsaya a kanta. Takardar da ba ta amsa waɗannan ba, ko da Hausa aka rubuta ta, ba ta gama aiki ba.

An taɓa yin irin wannan haɗin gwiwa. A 2017 masana harshe da likitoci suka fitar da jerin kalmomin ƙanjamau da Ebola cikin Hausa da Ibo da Yarbanci. A fagen magungunan gargajiya kuma, ayyukan Farfesa Aliyu Muhammad Bunza da ɗalibansa sun tara sunayen cututtuka da yadda Bahaushe yake fahimtar su. Abin da ya rage shi ne a juya wannan taska ta fuskanci ɗakin likita. Aikin ba shi da girman da zai gagari ɗalibin digiri na biyu guda: shafi ɗaya na bayani, da boko da ajami, wanda ya ambaci fura da kunu da goro da sunansu, ya auna ruwa da leda, ya auna lokaci da salloli, da muryar minti uku cikin Sakkwatanci da za a tura ta WhatsApp ga waɗanda ba sa karatu, da kiran waya ana gobe aiki.

Kuma ana iya auna amfaninsa ba tare da gardama ba. Tun 2009 likitoci suna da ma'aunin Boston, wanda ke raba hanji kashi uku, a ba kowane kashi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon tsabtarsa, jimla 9. Sai a rubuta makin majiyyata 100 da aka ba tsohuwar takarda, a rubuta na wasu 100 da aka ba sabuwa, a ƙirga tsiron da aka samu a kowane rukuni. Da wuya a sami wani fage da fassara take da sakamako a lamba kamar wannan, inda za a iya cewa wannan jimla ta fi waccan da tsiro kaza da aka cire. Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya da asibitin koyarwa duk na jami'a ɗaya ne, a gari ɗaya, kuma daga can zuwa Boɗinga, inda za a gwada kalmomin a kunnen masu su, tafiya ce da ba ta kai sa'a guda ba.